Haƙƙin Tsohuwar Kyanwa a Kan Mai Rumbu

 

  

Na ga wasu sun murmusa da aka sanar da abin da zan yi magana a kai, kuma ban ga laifinsu ba. A ƙasar da saniya ke kwanciya a rasa kuɗin allura, wa zai tara mutane a Dogon Daji ya yi musu zancen kyanwa, kyanwar ma tsohuwa? To amma ina roƙon kowane magidanci ya yi wani ɗan lissafi a zuciyarsa. Daga ranar da aka ɗaure gero aka zuba a rumbu har faɗuwar ruwan shuka, wa ke gadin hatsin nan da dare? Kuma a duk dabbobin gidanka, wace ce ba ka taɓa saya wa dusa ba, ba ka ajiye mata harawa ba, ba ka biya makiyayi a kanta ba?

Cinikin nan tsakaninmu da kyanwa ya daɗe. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ba kamo ta aka yi aka ɗaure ba. Mutum ya fara noma ya tara hatsi, hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo ta. A tsibirin Saifurus da ke Bahar Rum an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, aka sami mutum da kyanwa an binne su dab da juna. Har gobe aikinta bai ƙare ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci, kuma ajiye kyanwa yana cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ambatawa na rage ɓera a gida. Illar cinikin guda ce, ba a yi maganar tsufa a cikinsa ba.

Yawancin kyanwoyinmu ba sa ma kaiwa can. Motocin da ke sheƙa gudu a titin Sakkwato zuwa Jega suna ɗaukar rabonsu, karnuka su ɗauki nasu, rijiya marar murfi ta ɗauki nata, saura kuma guba da yara masu danƙo. Wadda ta tsallake duk wannan ta haura shekara 10, likitocin dabbobi suna sa ta a sahun tsofaffi. Lissafin da ake yi shi ne, shekararta ta farko daidai take da 15 na ɗan Adam, in ta cika 2 ta zama sa'ar mai 24, daga nan kowace shekara a ƙara 4. Ke nan mai shekara 10 tsarar ɗan 56 ce, mai 15 kuwa ta ɗan 76. Inda ake kula da su sosai, kaiwa 15 ko 18 ba abin mamaki ba ne, har an yi wata a jihar Texas ta Amurka da aka haifa a 1967 ta mutu a 2005, shekara 38 ke nan. Mu ba ma rubuta ranar haihuwar kyanwa, amma uwargida takan sani. Za ta ce maka an kawo ta tana 'yar mitsitsiya shekarar da aka aurar da wance, wance kuwa yanzu goyonta na huɗu take yi.

Abin da ke jawo wa tsohuwar kyanwa mummunar fahimta shi ne ba ta nuna ciwo. Akuya in ƙafa ta dame ta za ta yi ɗingishi ta cika gida da kuka. Kyanwa kuwa a daji ƙaramar mafarauciya ce da manya ke farauta, don haka ta gaji ɓoye rauni. Sai dai ka lura da abin da ta daina yi. Ku tsaya wata rana da la'asar ku kalle ta in za ta hau katanga. Da can tsalle ɗaya take yi ko dubawa babu. Yanzu za ta zo gindin katangar ta ɗaga kai, ta ɗan tsuguna kamar za ta tashi, ta fasa, ta gyara ƙafafun baya, ta sake fasawa, sannan ta zagaya ta hau turmi, daga turmi ta taka tulin itace, daga nan ta kama katanga. Wajen sauka kuma sai ta zuro ƙafafun gaba a jikin bango, ta yi ƙasa-ƙasa kafin ta saki jiki. Mai gida na ganin haka sai ya ce ta yi ƙiba da lalaci. Ciwon gaɓoɓi ne, irin sanyin ƙashin da ke hana kakanninmu tashi daga tabarma sai sun dafa ƙasa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya duba hoton ƙashin kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, aka ga alamar lalacewar gaɓoɓi a jikin 90. Taimakon ba shi da tsada. A bar mata turmin inda yake, a ajiye tubali ko kututture a gindin wurin da ta saba hawa, a sauko da kwanonta ƙasa.

Kwanakin baya na je duba tumaki a wani ƙauye tsakanin nan da Kebbe, sai wata dattijuwa ta tare ni a ƙofar ɗakinta ta ce, "Likita, ɗan diba mini mussag ga. Ta bar kamun kusu, kuma ko taɓa ta anka yi sai ta kai cizo." Na ce, "To Inna, ba ni tsohon zane." Muka nannaɗe ta, muka bar ƙafa ɗaya a waje, na matsa tafin. Farce biyu sun yi kauri sun lanƙwashe, sun koma sun huda naman tafin, wurin har ya yi ruwa. Kyanwa mai ƙarfi tana karce itace tsohon ɓawon farce ya fita, tsohuwa kuwa ba ta iya miƙewa ta yi hakan, sai farcen ya yi ta girma yana zagayowa. Da abin yanke farce na mutane muka datse su, muka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi. Wannan aiki ne da kowace uwargida za ta iya duk wata. Tsinin nan fari kawai ake cirewa, kada a kai ga wurin da ya yi ja, can jini yake.

Bayan lalaci sai zargin sata. Kyanwar da ta shekara goma ba ta buɗe kwano ba, yau an kama ta da kai a tukunyar miya. Kafin a ɗauko muciya, a ɗaga leɓenta a duba. Babbar kyanwa haƙora 30 gare ta, kuma in tsufa ya zo datti kan daskare a kansu, dasashi ya kumbura ya yi ja, wasu su rube. Za ka ga ta zo wurin abinci da sauri, ta sansana, ta tauna da gefe ɗaya, ta yar, yawu na zuba. Ƙafar da za ta cim ma ɓera babu, haƙorin da zai fasa ƙashinsa babu, yunwa kuwa tana nan.

A nan akwai gyaran da ya kamata mu yi. Abin da muka saba jefa mata lomar tuwo ce da aka dangwala a miya. Tana da ƙuruciya wannan bai dame ta ba, domin tuwon ƙari ne kawai, ainihin cimarta ɓera ce da ƙadangare da fara da tsuntsu. Kyanwa halittar cin nama ce. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, jikin mutum da na kare suna haɗa shi da kansu, nata ba ya haɗa isasshe, dole ta same shi a nama ko kifi. In ya yi ƙaranci ido ya lalace, zuciya ta buɗe ta raunana, kuma a 1987 ne likitoci a Jami'ar Kalifoniya suka tabbatar da alaƙarsa da ciwon zuciyar kyanwa. To ranar da ta daina farauta, tuwon nan ya zama shi ne abincin gaba ɗaya, sai ta yi ta ramewa alhali kullum ana ba ta.

Ban ce a saya mata tsire ba. Kan kifi da aka dafa aka cire ƙaya, guntattakin da mahauci ke sharewa daga kan teburi, rabin dafaffen ƙwai, 'yar hanta sau ɗaya a mako, a marmasa, a zuba ruwan ɗumi ya yi laushi, a ba ta kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini. Ɗumin yana tayar da ƙamshi, hancin tsohuwa kuwa ya dushe. A ɗebi nata kafin a sa gishiri da magi da albasa. Mu da ke maƙwabtaka da Aliero ba ma girki ba albasa, amma ita da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Madarar shanu sabuwar tatsa kan sa yawancinsu zawo, ɗan kindirmo ya fi sauƙi. In an kawo ƙaramar kyanwa don ta karɓi aikin, wanda daidai ne a kawo, to a raba musu kwano, in ba haka ba yarinyar za ta cinye. Tsohuwar da ta kwana biyu ko uku ba ta ci komai ba, kada a ce za ta ci in ta ji yunwa, hantarta na iya taɓuwa.

Cikin cututtukan da suka fi kashe tsofaffin kyanwoyi akwai ciwon ƙoda, kuma shi ya fi dacewa mu sani a ƙasa mai zafi irin tamu. Kakanninta daga busasshiyar ƙasa suka fito, ba su saba zuwa mashaya ba, ruwansu a jikin abin da suka kama yake, domin kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ruwa ne. Shi ya sa lafiyayyar kyanwa ba ta cika shan ruwa ba. Abin da take bukata a yini, har da wanda ke cikin abinci, kimanin mililita 50 ne ga kowane kilo na nauyinta. Mai kilo 4 ke nan mililita 200, bai kai rabin ledar ruwan da muke saya ba. Idan ƙoda ta fara gajiya sai ta kasa riƙe ruwa, fitsari ya yawaita ya tsinke, ƙishirwa ta biyo baya. Kafin wannan alama ta bayyana, kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya riga ya tafi. Uwargida ce ke fara gani. Kyanwar da ba a taɓa gani a bakin ruwa ba, yanzu kullum tana gindin randa tana lasar abin da ke tsattsafowa, ko tana bin masu alwala. Sannu a hankali sai rama, in ka shafa gadon bayanta ka ji ƙashi ɗaya-ɗaya, gashi ya cukurkuɗe, amai jefi-jefi, baki na warin fitsari.

Ƙodar da ta lalace ba ta dawowa, amma ana iya jan lokaci, wani sa'in har shekaru. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ga tana fitsari a ɗaki sai a ɗauke mata ruwa. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wannan kaɗai ya isa ya ƙarasa ta. A ajiye mata kasko mai faɗi a inuwa, wuri biyu ko uku, a sauya ruwan safe da yamma. Fitsarin ɗaki kuma, a sami tsohon faranti marar tsayin baki a cika da yashi a ajiye kusa da makwancinta, za ta gane da kanta. Mai juna biyu kada ta kwashe yashin, wanda ya kwashe ya wanke hannu da sabulu. Ciwon suga yana kawo irin wannan ƙishirwa, haka ma ciwon halittar nan ta wuya da in ta kumbura a mutum muke kira maƙoƙo, wadda a kyanwa takan sa ta ci kamar gara tana ramewa. Ba a rarrabe su da ido, sai da gwajin jini da fitsari.

Hunturu kuma nasa sauƙi ne. Za ta nemi toka mai ɗumi a murhu, barcinta ya yi nauyi, garwashin da ke ƙasa ya ƙone ta ba ta farka da wuri ba. A duba murhu kafin a hura wuta, a ba ta kwali da tsumma a lungun da iska ba ta bugawa. A riƙa taje mata gashi da tsohon mataji, tunda ba ta iya lanƙwasawa ta lashe bayanta.

Masu tausayi ma suna kashe kyanwa. Mutum ya ga tana jin jiki, ya ɓallo farasitamol ya murƙushe mata a nono. Ƙwaya ɗaya ta manya, mai miligiram 500, ta isa ta kashe ta, domin hantarta ba ta da abin sarrafa shi. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafuka su kumbura, numfashi ya gagara. Ibuprofen da diclofenac, da muke sha don ciwon jiki, ƙodar da ta rage suke ƙarasawa. Wani kuma ya ga ƙuma a jikinta ya fesa mata fiya-fiya, ko maganin feshin wake, ko na kaskar shanu, ya manta duk abin da ya hau gashinta sai ta lashe. Sai shinkafar ɓera. Ku yi tunani, a duk ɓerayen gida wane ne tsohuwar kyanwa za ta iya kamawa? Wanda ya ci guba yake tangaɗi.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Ƙarfe biyun dare, gari ya yi tsit, sai kuka ya tashi a tsakar gida, dogo, mai kama da na jariri. An haska tocila, ga ta tsaye tana fuskantar bango, idanu a buɗe ƙwal. An kira ta ba ta waiwayo ba. Kafin hantsi magana ta zagaye unguwa, wai kyanwar gidan wane ba kyanwa ba ce. In baƙa ce an gama shari'a. In kuma aka yi rashin sa'a wani yaro na kwance da zazzaɓi, sai a fara waiwayen wata tsohuwa a maƙwabta, abin da ya faro daga dabba ya ƙare a kan mutuncin baiwar Allah.

Fagen aƙida na malamai ne, ga su nan zaune. Amma abin da aka gani a daren nan, kowane yanki nasa mun san shi a asibiti. Rashin waiwayowa kurumta ce, kuma wadda ba ta jin muryarta ba ta san ta ɗaga ta ba. Baƙin idon da ya buɗe ya ƙi tsukewa ko an haska shi makanta ce. Sau da yawa hawan jini ke kawo ta, wanda ke bin bayan ciwon ƙoda, ya ɓamɓare fatar da ke ɗaukar hoto a can cikin ido, a dare ɗaya ma yana faruwa, kuma in an kai ta da wuri akan ceto wani abu na ganin. Tsayuwa a fuskanci bango kuwa ruɗewar tsufa ce, ta tashi cikin duhu ta rasa inda take a gidan da aka haife ta. Ku gwada da kanku. A tafa hannu a bayanta a ga ko kunne zai motsa, a saki ɗan audu a gabanta a ga ko ido zai bi. Makauniyar kyanwa tana rayuwa lafiya lau a gidan da ta haddace, muddin ba a yawan sauya wa kaya wuri, an rufe rijiya, kuma da dare an sa ta a ɗaki guda da ruwanta da yashinta.

Sai dai a bambance wannan da ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana ɗauka. Na tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni. Na hauka cikin 'yan kwanaki ne, hali ya sauya farat ɗaya, dalala, kai hari ba dalili, ƙafafu su shanye. Irin wannan ba a taɓa ta da hannu, a kife ta da kwando a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira. Akwai allurar rigakafi ta kyanwa kamar yadda ake yi wa kare.

To in an gaji da ita me ake yi? Kowa a nan ya sani. A sa ta a buhu, a ba yaro mai babur, ya kai ta daji ko bayan kasuwar wani gari ya kwance bakin buhun. Mai gida ya ce ai bai kashe ta ba, sakinta ya yi, Allah zai ciyar da ita. Malamai, Allah ya gafarta muku, a nan nake da tambaya. Duk mun san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abin da za ta ci a ƙasa ba. Ƙofa biyu ke nan, ko ciyarwa ko saki. Amma sakin yana da ma'ana ne ga wadda za ta iya kamawa. Wadda ba ta gani, ba ta ji, ba haƙori, ba ƙafa, in aka ajiye ta a dajin da ba ta sani ba, ina bambancinta da wadda aka kulle a ɗaki? A fahimtata ƙofa ɗaya tsufa ya bar wa mai ita. Kuma na ga fikihunmu na Malikiyya ya ɗora wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyayar da za ta ci da kanta. Makiyayar kyanwa farauta ce, ta kuwa ƙare.

A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Abu Ƙatada, da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha ta ƙoshi, matar ɗansa Kabsha na kallo tana mamaki, ya sanar da ita cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore mata najasa, ya lissafa ta cikin masu kai da kawowa a cikin gida. Musulmin da suka gabace mu sun ɗauki abin da gaske. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya bar wakafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su, kuma har cikin ƙarni na 19 ana raba musu abinci kullum a farfajiyar alƙalin birnin.

Likitoci suna so a duba tsohuwar kyanwa duk wata 6. Na san halin da ake ciki, don haka abin da zan ce shi ne, duk ranar da ma'aikacin dabbobi ya shigo yi wa shanu ko awaki allura, a miƙo masa ita ya duba baki da ido da tafi. Gwajin jini da awon hawan jini kuwa sai Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da asibitin koyarwa na dabbobi. A ɗauke ta a kwali mai huji ko kwando mai murfi, da sassafe kafin rana ta yi, ba a buhu ba, ba a but ɗin mota ba.

Wata rana kuma za ta daina ci da sha, ta kasa tashi, ta nemi ƙarƙashin gado ta lafe. A bar ta a inuwa kan tsumma mai tsabta, a jiƙa mata baki da ruwa, a hana yara jagwalgwala ta. In wahalar ta yi tsawo, littattafan Malikiyya sun yi maganar halaccin hutar da dabbar da aka fid da rai da ita, malamai za su yi mana ƙarin bayani, mu kuma a wurinmu akwai allurar da ke yin haka ba tare da azaba ba. Jefawa a rijiya ko kududdufi, ko bugu da sanda, ba sa cikin wannan. Idan ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, nesa da rijiya, kada a wurga ta a juji, musamman in guba ce ajalinta ko an yi mata waccan allura, domin kare ko ungulun da ya ci naman shi ma zai bi ta.